Tururuwa a Cikin Ludayin Goggo Kulu

Na san abin da kuke faɗi game da ni da Goggonku Kulu, ko da yake da zarar na yi sallama sai ku sauya zance ku koma kan tsadar shinkafa. Wasunku sun ce ni na kunyata yayata a gaban matan unguwa har ta daina taka gidana. Wasunku kuma, musamman ku da kuka yi boko mai zurfi, kun ce ita ce mai baƙar zuciya da ta nemi raba jaririya da nonon uwarta. Dukanku da tiyar da ba ta cika ba kuka auna. Tun da Allah ya karɓi ranta, ni ma kuma gwiwoyina sun fara ba ni labari, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada bayan raina ku gaji rabin magana ku riƙa rabawa ga 'ya'yanku.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoye wannan ba. Sana'ar hatsi ce ta mai da ni haka. Tun ina saurayi nake zaune a rumfa ana kawo mini buhun da samansa gero ne tas, tsakiyarsa ƙaiƙayi, gindinsa tsakuwa, mai shi kuma yana rantsuwa da Allah carbi a hannu. Saboda haka ban taɓa sayen buhu ban soka masa ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa ba, ko da na limami ne. Mahaifiyarku Hajiya Luba takan ce ranar da na mutu sai na leƙa kabarin tukuna kafin in yarda a saka ni. Malamai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na ji, ina kuma istigfari, amma hali zanen dutse ne.

Yaya Kulu kuwa ita ta goya ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma da mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan ƙarami, a bayanta na tashi. Har na yi furfura, har na je Makka na dawo kowa yana Alhaji Alhaji, ita Auta take ce mini. Ta haihu sau uku a gidan mijinta, babu wanda ya kai ga rarrafe, wannan shi ne iyakar abin da na sani, don a lokacin ni yaro ne, kuma namiji ba ya tambayar irin wannan. Da mijin ya rasu ta dawo ɗakinta a tsohon gidanmu na Unguwar Rogo, lungu kaɗan tsakaninmu. A wannan yankin babu macen da za ta haihu ba a aika mata ba. Ita ce mai dafa ruwan wankan jego, ita ce mai dama kunun kanwa, ita ce kuma mai gwajin nono. Ga wanda bai sani ba a cikinku: kafin suna akan tatsi nonon mai jego a ludayi, a kamo tururuwa a jefa a tsakiya. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta nutse ta mutu, an ce nono ya ɓaci, a janye jariri, a shiga wankin nono da saiwoyi har sai an ga hali. Kowa ya san Yaya da sammako a kan wannan aiki. Tun kafin a share tsakar gida take isowa da ludayinta a ƙulle a bakin mayafi, kuma ba ta karɓar komai sai goro da sabulu.

Da ɗan'uwanku Nasiru ya auro Rukayya daga Kwalkwalawa, 'yar manoma ce mai ƙarfi da ƙarancin magana, uwarta kuma ta riga ta rasu, don haka haihuwarta ta fari a gidana ta yi ta. Aka sami Mu'azu. Ina kasuwa aka yi gwajin, na dawo na tarar da gida tsit, aka ce mini tururuwa ta mutu, amma an yi abin da ya dace. Abin da ya dace shi ne an janye yaron, an sa masa fida, kwalbar nan mai kan roba, da madarar gwangwani. Ni da hannuna na riƙa sayo gwangwanayen, ina jin na yi abin kirki. Kafin a gama wankin nonon yaro ya saba da roba, aka ba shi na uwarsa ya kau da kai, nono kuma ya ƙafe. Yana da yawan kuka, sai aka ƙara masa da robar tsotso, ita ce a bakinsa safe da rana. Da ya yi wayo aka ƙwace robar aka jefa a shara, shi kuma ya maye gurbinta da babban yatsansa na dama, wanda ba shi da mai ƙwacewa. An shafa masa maɗaci, an ɗaure hannun da tsumma, ya lashe ɗacin ya kwance tsumman.

Yaron nan abokina ne. In na dawo gida bayan azahar in ɗan miƙe a zaure, sai ya zo ya kwanta a gefen tabarmata, wai yana gadin matarsa, wato kakarsa, kada in ƙwace masa. A nan na fara lura da shi, lokacin yana wajen shekara huɗu. In barci ya ɗauke shi yatsan ya zame, baki a buɗe yake kwana, miyau yana bin kumatu, yana minshari irin na ƙato mai dakon buhu. Wani lokaci minsharin ya tsaya cak, in ɗago kai ina kallon ƙirjinsa, sai ya zabura ya ja iska ya ci gaba. Wannan tsayawar ita take tsinka mini zuciya. Da na duba bakinsa da rana sai na ga haƙoransa na sama sun turo gaba, kuma in ya haɗe baki akwai ƙofa tsakanin na sama da na ƙasa, daidai shigar yatsansa. In na sayo masa tsire ba ya iya gutsura da gaba, sai ya kai shi gefe. Yaran lungu suka sa masa Baki-buɗe. Matan gida kuwa suna da amsarsu a shirye. Na tambayi Hajiya Luba, ta ce mini:

"Alhaji, ai ɗan nonon da yas sha kahin a gwada na. Guba ta, ta taɓa shi. Da ba don Yaya ta yi sammako ba, da yanzu wani zance akai."

Aka kira wanzami ya cire masa beli, aka ce shi ya toshe masa wuya. Yaro ya yi jini, ya yi kwanaki ba ya cin abinci, ya warke, minshari yana nan inda yake. Rukayya kuwa a gidan nan bango take bi. Ba wanda ya zage ta, amma in maƙwabciya ta shigo da goyo, sai ka ga an miƙa jaririn ga kowa an tsallake ta. Na taɓa ganinta tana shanya, Mu'azu yana barci a inuwa bakinsa a buɗe, ta tsuguna ta sa yatsa ta rufe masa leɓe a hankali, ya sake buɗewa, ta sake rufewa. Ba ta san ina kallo ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ana cikin haka ta sake samun ciki. Wata rana cikin ya tsufa, Nasiru ya dawo daga shago, na hango leda rataye a hannun babur ɗinsa, a ciki sabuwar fida da gwangwanin madara. Na ce masa mene ne wannan, ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, Goggo ta ce a shirya tun da wuri. Wadda nononta yaɓ ɓaci sau guda, da wuya shi gyaru."

Ba a haifi yaro ba, ba a ga nono ba, an riga an yanke hukunci. A kasuwa in aka ce mini kada in wahalar da kaina da soka buhu, to wannan buhun nake fara sokawa. Ranar na ji da walakin, goro a miya.

Na ɗauki Mu'azu ban gaya wa kowa ba na kai shi asibiti, ɓangaren haƙori. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Nasiru ba. Ta haska bakinsa, ta duba yatsansa da ya yi kanta, ta sa shi ya rufe baki ya shaƙi iska ta hanci, ya kasa daɗewa. Sai ta juyo ta tambaye ni abin da ban zata ba:

"Baba, wata nawa yaron ga yas sha nonon uwatai?"

Na ce ko suna bai kai ba, na kwashe labarin tururuwa na gaya mata. Ba ta yi dariya ba, wannan na yaba mata. Ta ce jariri in yana shan nonon uwa aiki yake yi: muƙamuƙinsa yana motsi, harshensa yana danna ganda, wato rufin baki, yana buɗa ta, kuma yana sabawa da numfashi ta hanci. Roba ba ta sa shi wannan aikin sosai. In kuma aka daɗe ana tsotson roba da yatsa shekara da shekaru, gandar takan tsuke, haƙora su bi hanyar da yatsa ya nuna musu. Ta ce ba za ta rantse cewa wannan kaɗai ne dalili ba, don akwai yara masu shan fida da suke tashi lafiya lau, kuma tana zaton akwai tsoka da ta kumbura a bayan hancinsa, sai likitan hanci ya duba. Amma nonon uwa na fari, mai kaurin nan da ake ce wa dakashi, ta ce ba guba ba ne, shi ne ma mafi amfani. Na zauna ina jiran ta rubuta mini wani magani mai tsada in gane inda ta dosa. Ba ta sayar mini da komai ba. Wannan ya ƙara sa ni zarginta, don ban saba ganin mai ba da shawara kyauta ba.

Na fito ban yarda da likita ba, ban kuma yarda da Yaya ba. Sai na yi abin da na iya. A rumfata tururuwa ba ta yankewa, tana bin ƙasan buhuna. Na aika wa mai shayin bakin layinmu ya zubo mini madara a murfin kwano, na kamo tururuwa na jefa. Ta yi iyo ta fita. Na jefa wata, ta juya ta juya ta nutse. Na ƙara wa madarar kauri, waɗanda suka fita suka ragu. Na gwada da kunu, na gwada da ruwan randa, a ko'ina wasu su fita wasu su mutu. Maƙwabcina a rumfa, Alhaji Ɗan'ige, ya leƙo ya same ni a tsugune da gemuna ina kallon murfin kwano, ya ce:

"Alhaji Sani, lahiya? In ciniki na babu, mu yi addu'a, ba mu koma wasan yara ba."

Na ce masa ciniki nake yi, kuma mai tsada. Amma da na gano haka, zuciyata ba ta tsaya nan ba. Na ce mace mai wayo irin Yaya, da ta shekara da shekaru tana wannan aiki, ba zai yiwu a ce ba ta san abin da na gano a yini ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na zargi ko tana matse tururuwar kafin ta jefa. Na zargi ko tana shafa wa ludayin wani abu, har na je gaishe ta na ɗauki ludayin daga inda yake rataye na shinshina da ta juya baya, ban ji komai ba sai ƙanshin duma. Na zargi ko mai kantin maganin lungunmu yana ba ta wani abu a kan kowane gwangwanin da aka saya, na bi ta ƙarƙashin ƙasa na bincika, ashe ko gaisawa ba sa yi. Na zargi ko ƙin Rukayya take yi don 'yar ƙauye ce. Duk inda na soka ƙarfena sai ya fito da tsaba mai kyau, ni kuma na ƙi yarda cewa buhun lafiya yake.

Rukayya ta haihu da damina, aka sami mace. Na san Yaya za ta yi sammakonta, don haka ranar ban fita kasuwa ba. Na zauna a zaure har na ga wucewarta, na ba su ɗan lokaci, sannan na yi gyaran murya na shiga tsakar gida na ja kujera na zauna. Akwai mahaifiyarku, akwai maƙwabta mata uku ko huɗu da suka zo barka. Duk suka ja mayafi suna kallon juna. Yaya ta fito daga ɗakin mai jego da ludayi a hannu, ta gan ni ta tsaya.

"Auta, mi kaka yi gida war haka? Kasuwa ta ƙone?"

"Yaya, gani nika son yi da idona."

"Wagga magana ta mata ta, ba taka ba ta."

Hajiya Luba ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya:

"Alhaji, don girman Allah ka hita, kana ba mu kumya."

Ban motsa ba. Yaya ta yi tsaki, ta aje ludayin a kan turmin da aka kifa, nono a ciki ɗan kaɗan, rawaya-rawaya mai kauri. Ta yi bisimilla, ta kamo tururuwa daga gindin bango ta jefa. Na zuba wa yatsunta ido, wallahi ba ta matse ta ba. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ƙafafunta suka liƙe, ta yi shiru. Matan suka ɗauki salati. Daga cikin ɗaki na ji Rukayya ta saki wani ɗan kuka ta danne shi. Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"To ka gani. A kawo fida."

"A sake sa wata," na ce.

"Ba a sakewa. Haka munka ishe ana yi."

"Ni kau ban taɓa sayen buhu da soka guda ba, balle rayuwar jikata."

Na tashi da kaina na kamo wata a gindin bangon nan, na tsame matacciyar da tsinke, na jefa tawa. Na san ita ma tana iya mutuwa, kuma da ta mutu da na zama abin dariya har in bar duniya. Ta juya sau biyu, ta doshi gefe, ta kama bakin ludayi, ta hau, ta sauka kan turmi tana jan ƙafa ta tafi abinta. Na kira Nasiru na ce ya dama madarar gwangwanin da ya sayo, daidai yadda za a ba jaririyar, ya zubo a wani ludayi. Na jefa ta farko ta fita. Na jefa ta biyu ta nutse ta mutu. Na juya ga matan na ce to wannan madarar lafiyayya ce ko ɓatacciya? Wata daga cikin maƙwabtan ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Wannan dariyar ba ni na yi ta ba, amma a kaina aka rubuta ta. Na ɗaga murya yadda za a ji a cikin ɗaki na ce:

"Ɗiyata Rukayya, ba ɗiyarki nono. Gidan ga nawa na, in wani abu yas same ta, a tambaye ni."

Ina jiran Yaya ta zage ni, ko ta tuna mini goyon da ta yi mini, na ma shirya amsa. Ba ni take kallo ba, kan turmin take kallo, wurin da tururuwa ta biyu da na jefa a nonon Rukayya ta bi ta bar ɗan layin danshi. Ta daɗe a haka. Sannan ta gyara mayafinta ta fita, ta bar ludayinta a nan.

Ranar suna na sa aka raɗa wa yarinyar Hauwa'u, sunan Yaya na gaskiya, muna kiranta Mai-sunan-Goggo. Ba ta zo ba. Na je gaishe ta, ta amsa mini daga bayan labule, lafiya lau, madalla, shi ke nan. Haka muka kasance wata da watanni. Labari ya zagaya unguwa, wasu gidajen suka daina aika mata, waɗanda suka aika kuma sai ta je ta dafa ruwa ta dama kunu, amma in aka kawo zancen gwaji ta ce ba ta da ludayi. Ni a raina na ce girman kai ne, an kama mai algus ya rasa bakin magana. Gida kuwa kowa ya zuba wa jaririyar ido. In ta yi atishawa a dube ni, in ta yi tumbiɗi a dube ni. Ni kaina ba kwanciyar hankali gare ni ba. In Rukayya ta kwantar da ita a inuwa da rana, sai in tsuguna in kara zaren auduga a ƙofar hancinta in ga yana motsi, bakinta a rufe ruf kamar an ɗinke. Ta yi ƙiba, ta yi rarrafe, haƙoranta suka fito a jere. Mu'azu kuma likitan hanci ya cire masa tsokar nan, minsharin ya ragu ƙwarai, yatsan ma ya bari a hankali da ya shiga makaranta, amma haƙoransa kun dai gan su har yau, an ce sai ya ƙara girma a ɗaura musu waya.

Da yarinyar ta kusa shekara biyu aka fara maganar yaye. Kun san al'ada, akan kai yaro wurin wata kaka a wani gida ya kwana biyu har ya manta da nono. Muna shawarar inda za a kai ta sai ga aike daga Yaya: a kawo mata takwararta, ita za ta yaye ta. Mahaifiyarku ta yi murna ta ce an huce. Ni kuwa sai zuciyata ta ce me take nufi? Matar da ta yi kusan shekara biyu ba ta dubi yarinyar nan ba? Na ce ba mai kai ta sai ni. Na saɓa ta a kafaɗa da hantsi, ina tafe ina shirya yadda zan zauna in ga duk abin da za a ba ta.

Wannan karon ta ɗaga labule. Na tsorata da yadda ta rame. Ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya, ta yi mata wasa har ta yi dariya, ta dubi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa cinyoyinta. Ta kara kunnenta kusa da hancinta tana sauraro. Sannan ta ce:

"Nonon Rukayya kaɗai tas sha?"

"Shi kaɗai, Yaya, har taf fara cin abinci."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, idonta a kan yarinyar:

"Nawa ukku, ba wanda yak kai suna bisa nonona. Kowace haihuwa tsohuwar gidanmu ta sa tururuwa, ta mutu. Anka ba su na akuya da jiƙo. Ina zamne ƙirjina shina zuba har zane shi jiƙe, ina jin kukansu ɗakin gaba, ba ni da ikon ɗauka. Zawo ya kwashe su ɗaya ɗaya. Anka ce min ɗan abin da sunka sha kahin gwaji, shi yak kashe su. Shi yas sa nika sammako, Auta. Cewa nikai in na riga nono zuwa bakin yaro, na tsirad da shi."

Duk wuraren da na soka ƙarfena ina neman tsakuwa, ban taɓa tunanin nan ba. Ta shafa kan yarinyar, ta ɗago ta dube ni karo na farko tun ranar turmin nan, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Ba hushi nikai da kai ba. Ido na ban iya haɗawa da kowa. Ran nan da ta biyu tah hito tana jan ƙahwa, nawa nika gani. Ni ba wanda yac ce a sake sa wata."

Na yi kuka a ɗakin nan, ina faɗa muku ba kunya, ita ce ma ta ce in yi shiru kada in tsorata yarinya. Ta riƙe takwararta har ta yaye ta, da kunun gyaɗa da waƙoƙin da ta taɓa yi mini. Amma gidana ba ta sake shiga ba, ta ce ba za ta iya ganin turmin ba. Damina ta gaba ba ta same ta a duniya ba.

To kun ji. In da za a mai da ni wannan safiyar, zan sake cewa a sa ta biyu, don ga Mai-sunan-Goggo nan tana yawo a gabanku tana cin rake da haƙoranta na gaba. Amma ku san abin da aka biya. Tsohuwar da ta goya ni ta shekara hamsin tana jin cewa jikinta ne ya kashe 'ya'yanta, ta haƙura da wannan, ni kuma na zo na nuna mata cewa lafiyayyen nono ne ya zube a zane suna kuka a ɗakin gaba. Kada in sake jin wani a cikinku ya kira ta mai baƙar zuciya. Kafin in fito daga ɗakinta ran nan na tambaye ta sunayensu, don babu wanda ya taɓa faɗa mini, kuma babu wanda ya rage da ya san su sai ita. Ummaru, Saratu da Bello. Ku riƙe su, ku gaya wa 'ya'yanku. Allah ya sa masu ceto ne.